Unguwarmu ta fi kowa amo lokacin kamfe, to ranar zaɓe ina mutane suke shiga?

Mushen Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da dare ina neman takardar haihuwar ƙaramin ɗana a cikin adaka, sai hannuna ya faɗa kan kartin zaɓena na 2020, wanda aka ɗauke mu hoto da zanen yatsu kafin a ba mu. Na daɗe zaune da shi a hannu, domin ya tuna mini wani abu da ya tsaya mini a rai shekara da shekaru.

Sau uku na yi aikin biro, wato rumfar zaɓe, a nan Damagaram ta Nijar a wancan zagaye: ranar 13 ga Disamba da aka zaɓi kansiloli, ranar 27 ga Disamba da aka yi na shugaban ƙasa da 'yan majalisa, sai zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairun 2021. A cikin aji muka zauna, kan teburan yara. Da ƙarfe takwas muna buɗewa layi ya kai bakin ƙofar lakwal, wato makarantar, tsofaffi da rigunan sanyi, wasu da carbi a hannu. Kafin azahar layin ya ƙare ƙaf. Daga nan sai ɗai-ɗai, har ƙarfe bakwai na yamma. A gefen teburina akwai kwalin sukari cike da kartunan da masu su ba su zo sun karɓa ba. Na san fuskoki da yawa a ciki, wasu ma ni na koyar da su. Ta taga kuma ina hangen samarin fadar da ke ƙarƙashin dogon yaro suna dafa shayi. Su ne suka hana mu barci sati uku da ganga da kabu-kabu, amma da na fito salla na gaisa da su, yatsunsu fes, babu tawada.

Da dare muka ƙirga da cocila. Kusan duka ƙuri'un wuri ɗaya suka nufa, kowa ya san ina. Amma da na buɗe takardar sunaye, shafi bayan shafi babu sa hannu.

Tambayata ita ce: me ya sa unguwar da kowa ya san inda zuciyarta take ba ta fitowa yadda take magana? Ni dai ina ganin sanin da aka yi mana shi ne ya cuce mu. Ina son jin ta bakinku, musamman iyayenmu mata da samari.

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam Mushe. Magana ce mai amfani, na bar ta. Amma ku sani an rushe jam'iyyu tun watan Maris na 2025, ba kamfe muke yi a nan ba. Abin da ya wuce muke dubawa. Banda zagi, banda kama sunan wani a ce ya yi sata. Wanda ya yi zan share.

Ɗan Birni:
Mushe, da girmanka, amma ban yarda ba. Damagaram ba ta taɓa yin kasala wajen ɗanta ba. A 1993 wa ya tsaya har Nafarko, wato Mahamane Ousmane, ya zama shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa cikin jam'iyyu da yawa? Da aka kifar da shi ranar 27 ga Janairun 1996 mun watse ne? Ya yi jam'iyyar Rahama muka bi shi, aka raba shi da ita ya tsaya da Hankuri a 2016 muka bi shi, ya kafa Canji muka bi shi. Wane gari ne ya riƙe mutum ɗaya kusan shekara 30? Biro ɗaya ka gani. A namu biron na Birni har bayan magariba mutane na zuwa.

Mushen Garin Malam:
Yayana, ban ce ba a son sa ba. Ai ni na ƙirga takardun da hannuna. So daban, sa ƙafa a je lakwal daban. Kuma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: suna uku, mutum ɗaya. Ke nan ba jam'iyya muke bi ba. To wanda aka haifa bayan 1996, da bai ga mulkinsa ba ko na kwana ɗaya, me zai tashe shi daga kan tabarma? Ya gaji son ne daga ubansa kamar yadda ake gadon gida, amma bai gaji zafin ba.

Maman Nana ta Karkada:
Ku maza kuna ta maganar so da ƙi. Bari in gaya muku yadda ranar 27 ɗin ta same ni. Kwana uku famfonmu ko ɗigo. Da asuba aka ce ruwa ya zo a wani gida can bayan kwalta, na ɗauki bido, wato jarka, guda huɗu da yara muka tafi. Layi biyu ne a gabana ranar, na ruwa da na zaɓe. Idan na bar na ruwa, babu tuwo, babu wanka, babu alwala. Sai bayan la'asar na dawo gida, bayana kamar zai tsinke, ga goyo. Maigida ya ce in tashi in je kafin a rufe. Na ce masa ya karɓi yaron ya hura wuta in tafi. Shiru ya yi. Kartina yana nan cikin kwanon sha a kan kabad, ban taɓa amfani da shi ba sai a zagaye na biyu, shi ma don maƙwabciyata ta riƙe mini yara.

Ko a layinmu kaɗai mata nawa ne irina? Amma in an tashi magana sai a ce mata ba su da wayewa.

Mushen Garin Malam:
Maman Nana, wallahi kin faɗi abin da ban gani ba daga cikin aji. Na lura mata sun fi zuwa da yamma liƙis, a gurguje, amma ban taɓa haɗa shi da ruwa ba. Allah ya saka.

Baba Mai Ritaya, Zango:
'Yata, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Maganar ruwan nan ta girme ku duka. Tun muna yara ake cewa ƙarancin ruwa na cikin dalilan da Turawa suka bayar da suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. An jawo na Gogo da Machaya, an jawo na Arunguza, an zo an jawo na Ganaram, gari kuma yana ta faɗi yana wuce bututun. Ba a taɓa yin kamfe a garin nan ba a yi alkawarin ruwa ba.

Amma ga abin da nake so yara su sani. A 1993 na yi zaɓe. Ba mu da salula, ba mu da intanet, rediyo ne kawai da bakin mutane. Abin sabo ne, bayan taron ƙasa na 1991, kuma ga ɗan gari ya tsaya. Mutumin da bai taɓa riƙe alƙalami ba yana ta tambaya yadda ake saka takarda a ambulan. Na ga tsoho an kawo shi a amalanke. Muna jin cewa wannan takardar za ta juya ƙasa, kuma ta juya, tunda ya ci. Shekara uku ba ta cika ba soja suka zo. 1999 aka kashe shugaba Bare. 2010 soja suka ɗauke shugaba Tandja. Juyin mulkin 2023 kun gani da idonku. Duk wanda ya kai shekaruna ya ga an zaɓa an ture, an zaɓa an ture. Ni ban daina zuwa ba, domin na ɗauke shi kamar zuwa jana'iza ko ɗaurin aure, haƙƙi ne da ke kaina. Amma ba zan iya zagin yaron da ya ce mini Baba me ya canza ba.

Ɗalibar Jami'a:
Baba, a gafarce ni in saka baki. Ina karatu a jami'ar André Salifou kuma wannan batu ya taɓa zo mana a aji. Abin mamaki shi ne, a 1993 ɗin da ake yabo, waɗanda suka fito a zagaye na biyu a duk ƙasa ba su wuce wajen kashi 35 cikin 100 na masu rajista ba. A Disamban 2020 kuwa, cikin mutum wajen miliyan 7.4 da aka yi wa rajista, kusan kashi 70 aka ce sun fito, a zagaye na biyu kuma wajen kashi 63. Ke nan a takarda fitowa ƙaruwa ta yi.

Sai dai akwai wani rami a lissafin. Kason ana fitar da shi ne daga waɗanda ke cikin rajista. Wanda bai shiga rajista ba sam, ba ya cikin waɗanda suka fito, ba ya cikin waɗanda suka ƙi. Babu shi kawai. Kwalin Mushe na waɗanda suka yi rabin tafiya ne. Akwai waɗanda ko tafiyar ba su fara ba saboda ba su da takardar haihuwa.

Baba Mai Ritaya, Zango:
Madalla 'yata. Ni abin da idona ya gani a Zango na faɗa, ke kuma kin kawo na ƙasa baki ɗaya. Na karɓa.

Mai Kabu-kabu na Kara-Kara:
Tunda an ce samari su yi magana, ga ni. Mushe, ni ina cikin irin waɗanda ka gani ƙarƙashin bishiya, ko da yake ba a unguwarku ba. Zan faɗi gaskiya ko da za a ga baƙina.

Lokacin kamfe shi ne kakarmu. A zo fada a ce gobe akwai tarbar baƙo, kowane babur lita biyu da jika guda. Mu ɗaura tuta mu yi ta zagaye gari muna oda. Jibi wasu su zo da tasu tutar, mu kwance waccan mu ɗaura wannan. Akwai satin da na sa riga kala uku. Wanda ya gan mu a hanya zai ce gari ya tashi, alhali babura ɗaya ne ke yawo. A zuciyata ina da wanda nake so, irin wanda gidanmu ke so. Amma ranar zaɓe ita ce ranar da na fi samun kuɗi a shekara, tun safe nake kwasar tsofaffi ina kai su biro ana biyana. Na kai mutum ya fi ashirin, ni ban shiga ba.

Kuma ko na so shiga, da me? Ni a gida aka haife ni, ba a yi mini takarda ba. Lokacin da alƙalai suka fito unguwanni suna yi wa mutane kyauta ina Agadas wajen biɗa. Na dawo an gama. Mu 'yan Kara-Kara an san mu in ana neman masu ƙarfi da masu ihu. In an gama, ko wanda muka yi wa ihun ya gan mu a hanya sai ya ɗaga gilashin mota.

Ɗan Birni:
To ka gani. Ku ne kuke sayar da garin a kan lita biyu, sannan a ce gari bai fito ba.

Mai Kabu-kabu na Kara-Kara:
Babban yaya, ban sayar da ƙuri'a ba tunda ba ni da ita. Ƙarfina na sayar, kamar yadda nake sayar da shi kullum. Kai da kake da takarda da albashi, ka taɓa zuwa fadarmu ka tambaya wa ke da karti wa ba shi da shi? Ko mutum ɗaya daga ɓangarenku bai taɓa tambayata ba. Tuta kawai ake miƙo mini.

Shugaban Zaure:
A sassauta. Ɗan Birni, yaron nan gaskiyarsa ya faɗa, kada mu sa wasu su ji tsoron magana.

Mushen Garin Malam:
Ƙanena mai kabu-kabu ya taɓo ainihin abin da ke damuna, bari in buɗe shi sosai.

Ɗan siyasa ɗan kasuwa ne wajen lissafi. Kuɗinsa da lokacinsa ƙididdigaggu ne. In ya dubi unguwa ya ga tasa ce ko ya zo ko bai zo ba, ba zai ɓata mai a kanta ba, sai ya tafi inda ake ja-in-ja. Abokin hamayyarsa kuma ya dube ta ya ce waɗannan ko na zuba musu zinariya ba za su ba ni ba, shi ma ya wuce. Sai a bar mu a tsakiya. Namu ya ɗauka muna aljihunsa, na wancan ya fid da rai da mu. Babu mai bin gida-gida ya ce Inna kin karɓi kartinki? Babu mai kawo mota ya ɗauki gurgu. Babu mai cewa matan layin nan ruwa zai hana su fita, a aiko musu da 'yan ga-ruwa tun jajibere. Abin da ake kawo mana shi ne babban taro da mawaƙa, a cika fili, a ɗauki hoto, a ce Damagaram ta gama magana.

Shi ma mai zaɓen haka yake lissafi. Na ji da kunnena mutum yana cewa, ai unguwar nan ko ban je ba shi zai ci. Gaskiya ne zai ci unguwar. Amma zaɓen shugaban ƙasa ba a ƙirga shi da unguwa, ƙuri'a ɗai-ɗai ake tarawa daga Diffa har Tera. Cin biro da ƙuri'a ɗari da cin sa da ɗari uku ba ɗaya ba ne. A ƙidayar 2012 jiharmu ce ta fi kowace yawan jama'a, wajen miliyan 3 da rabi. Yawan da bai shiga akwati ba kuwa ba ya tsorata kowa.

Ɗan Birni:
Mushe, kana magana kamar ƙirgar ce kawai matsala. Ka manta shi kansa Nafarko bai amince da sakamakon zagaye na biyu ba, ya ce shi ya ci? Ka manta an yanke intanet kwana da kwanaki bayan sanarwa? Kotu ta ce abokin takararsa ya samu kashi 55.66, shi kuma 44.34, mu kuma abin da muka gani daban. In mutum ya yi imani cewa ko ya jefa za a juya, me zai kai shi layi cikin hunturu?

Mushen Garin Malam:
Ban manta ba. Ba zan yi shaidar abin da ya faru inda ba na nan ba, ko don a ce an yi ko don a ce ba a yi ba. A ajin da na zauna dai, gaban wakilan jam'iyyu aka buɗe akwati, aka ɗaga kowace takarda sama, aka rubuta a allo da alli, kowa ya sa hannu ya karɓi kwafinsa. Amma ka duba wannan: maganar za a juya, za a juya, su wa ta fi zaunarwa a gida? Mutanenka. Tun kafin zaɓe ake faɗinta a kowace fada. Wanda kake zargi kuwa mutanensa ba sa jin ta, fita suke yi. Kuma sunan da babu sa hannu a gabansa ai shi ne ƙofa a buɗe ga duk mai mugun nufi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na Sabon Gari:
Na daɗe ina karantawa ina shakkar magana. Ni ɗan Tarayya ne, jam'iyyar da ke mulki a lokacin, tun ina lise, wato sakandare, kuma a unguwarmu ana iya ƙirga mu da yatsu. Akwai wani ɓangare da ba ku taɓo ba. Inda kowa ya karkata gefe ɗaya, wanda ba ya gefen shi ma zama yake yi a gida. Matata ta karɓi atamfa mai ruwan hoda, launin jam'iyyarmu, ba ta taɓa ɗaura ta ta fita ba, sai ta aika wa ƙanwarta a Tawa. A wajen suna an taɓa tashi daga tabarmar da na zauna. Ranar zaɓe in ka shiga layi idanu na kanka, kamar ka zo cin amanar gari. Ni na jure na je. Abokaina biyu sun ce ba za su iya ba, tunda ko sun jefa a nan ba za ta hana komai ba, ga kuma tsangwama.

Abin da ya fi mini ciwo shi ne a ce mini ba ɗan gari ba ne. A Sabon Gari aka binne cibiyata. Shi ma ɗan takarar da na zaɓa, Bazoum, a Tesker ya tashi, cikin jihar nan. Zagaye na biyun nan tsakanin mutum biyu ne da duk suke da alaƙa da jihar Damagaram, amma muka mayar da shi kamar yaƙin gida da baƙo.

Ɗan Birni:
Wanda ya tashi daga tabarma bai kyauta ba, wannan ba tarbiyyar Damagarawa ba ce. Ni ina da suruki ɗan jam'iyyar Nasara, tare muke cin tuwo. Amma ku ma ku yarda, mulki ya yi shekara goma sha biyu a hannunku, matatar mai tana nan arewa da gari tun 2011, matasanmu nawa ta ɗauka? Fushin mutane ba daga sama ya faɗo ba.

Na Sabon Gari:
Ban ce babu dalilin fushi ba, yayana. Na ce fushin ya rufe bakin wasu, kuma rufe baki ba ya ƙara wa kowa ƙuri'a.

Alhaji na Kasuwar Dole:
Salamu alaikum. Ni ba ni da dogon ilimi amma ga nawa. Duk zaɓukan nan ranar Lahadi ake yin su. Lahadi kuwa kasuwar Mirya ce. Mai ƙaramin jari da ke bin kasuwanni ba zai bar ta ba. Sannan Disamba zuwa Fabrairu an gama girbi, rabin samarin da ke unguwannin bakin gari sun tafi cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya. Yarana biyu na shago a nan suke kwana shekara da shekaru, amma rajistarsu a ƙauyensu take wajen Magarya. In za su yi zaɓe sai sun biya mota zuwa da dawowa. Sau ɗaya na biya musu, na biyu suka ce in ba su kuɗin kawai su aika gida. Mutanen ƙauye kuma mai gari ya san kowa, in ba ka fito ba za a gani. A birni wa ya san ka?

Ɗalibar Jami'a:
Alhaji, wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta fi tsaya mini. A ƙauyen kakannina ana tafiya ne rukuni-rukuni, gida guda a tashi tare. A nan kuwa mai haya bai san maƙwabcinsa ba. Ina ganin shi ya sa Birni da Zango, inda gidajen gado suke kuma kowa ya san kakan kowa, za su iya bambanta da sabbin unguwanni. Wataƙila Ɗan Birni da Mushe duk gaskiya suka gani, kowa a inda ya tsaya.

Wani abu kuma. A 2019 an ɗaga kason mata a kujerun zaɓe zuwa kashi 25. An sa sunayen mata a jerin 'yan takara. Amma ban ga wadda ta zo layinmu ta zauna da mata ta tambaye su abin da Maman Nana ta faɗa yanzu ba. Sabulu da turmin zane ake aikowa ta hannun shugabar mata, ita kuma ta raba wa waɗanda ta sani.

Maman Nana ta Karkada:
'Yata, ko sabulun ban gani ba. Kuma ni ba sabulu nake so ba. Na 13 ga Disamba ma shi ya fi damuna da ban je ba, na kansiloli. Shugaban ƙasa yana Yamai, ba zai taɓa sanin layinmu ba. Amma kansila ɗan unguwa ne, ina iya tare shi a bakin masallaci ko in aika masa maigida. Ranar nan ko sanin ana yi ban yi ba sai da na ga mutane da baƙin yatsa. Duk hayaniyar a kan na 27 take.

Mushen Garin Malam:
Haka ne. A cikin ukun, ranar 13 ce biron namu ya fi zama shiru. Alhali meri, wato ma'aikatar magajin gari, ce ke da shara, da magudanar ruwa, da fili, da takardun haihuwa. Yanzu ma tun Afrilun 2024 an rushe majalisun, naɗaɗɗu ne ke riƙe da su. Ranar da muke da damar zaɓen wanda zai zauna a wurin, a gida muka zauna.

Baba Mai Ritaya, Zango:
Ɗana Mushe, kada ka ɗora wa kanka da unguwarka laifin duka. Ka ji abin da aka faɗa yau: ruwa, takarda, cin rani, kasuwa, kunya, fid da rai. Kowanne ya cire nasa kason kafin a zo ga kasala. Ban san yaushe za a sake kiran mu akwati ba, an ce wa'adin shekara biyar ne daga 2025 kuma yana iya canzawa, wataƙila ba na nan. Amma takardar haihuwa ba ta jiran zaɓe. Da ita ake shiga jarrabawa, da ita ake yin kartin ɗan ƙasa, da ita ake wuce shingen hanya ba a sauke ka ba. Yaron nan na Kara-Kara shi ya tsaya mini a rai tun ɗazu.

Mai Kabu-kabu na Kara-Kara:
Baba, na gode. Sau biyu ana sauke ni a hanyar Agadas saboda ita. Na taɓa tambaya aka ce sai an je kotu da shaidu, ni kuma ban san ta inda ake farawa ba, ga tsoron kuɗi. A fadarmu mu goma sha ɗaya ne, huɗu ne kawai ke da takarda.

Ɗan Birni:
Ƙanena, na yi maka magana mai zafi ɗazu, ka yi haƙuri. Na taɓa yi wa ɗan ƙanwata irin wannan takardar, na san hanyar. Ana buƙatar manya biyu da suka san haihuwarka. Mahaifiyarka na da rai?

Mai Kabu-kabu na Kara-Kara:
Tana nan, da kawuna. Ba komai yaya, ya wuce.

Ɗan Birni:
To ka turo mini saƙo ta gefe. Alhamis kasuwa ce ba zan samu kaina ba, amma Litinin da safe ina da sarari. Ka tambayi sauran shidan su ma, wanda iyayensa ke gari ya zo da su.

Mushen Garin Malam:
Ni ma zan zo in taya ku cike takardu, ba ni da aji sai ƙarfe goma. Maman Nana, in akwai yaran layinku da ba a yi wa ba, ki rubuto mini sunayensu da shekarunsu ta gefe, kada ki sa a zaure.

Maman Nana ta Karkada:
Akwai, har da Nana. Bari in zagaya gidajen bayan magariba, in ruwa bai zo ba.